Na goga wa hoton Sarauniya Katarina sifirit, wurin ya yi fari fat: shin na kashe aikin Levitsky ke nan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin likitanci ne a San Fitasbag ta ƙasar Rasha, ina shekara ta huɗu. Ina ɗan taɓa zane tun ina sakandare, kuma duk ranar da na samu sarari nakan shiga gidajen tarihi in yi kallo. Makonni uku da suka wuce na sayi wani tsohon hoton fentin mai a wata kasuwar kayan gwanjo. Sarauniya Katarina ta Biyu ta Rasha ce, daga kai zuwa ƙugu, da farar riga da kambun ganye a kanta. Mai sayarwar ya rantse mini cewa aikin Dmitry Levitsky ne, shahararren mai zanen nan na zamaninta, sa hannunsa na nan a kusurwar ƙasa, datti ne kawai ya rufe shi. Gaskiya kuɗin da na biya daga cikin kuɗin makaranta na cira. Abokin ɗakina ya ce a yanka albasa a goga. Muka goga, ba mu ga komai ba. Sai na jiƙa auduga da sifirit na dirje kusurwar. Yanzu wurin ya yi fari kamar an barbaɗa gari, sa hannu kuma babu alamarsa. Barci ya ƙaurace mini. Na lalata dukiya ne? In ci gaba da gogewa har in kai ga sa hannun? Kuma zan iya tahowa da shi gida in na zo hutu?

Wani ɗalibi, daga San Fitasbag

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka karanta layi na gaba, tashi ka rufe kwalbar sifirit ɗin nan ka mayar da ita inda ka ɗauko. Albasar kuma a kai ta kicin, can ne wurin aikinta. Kada ka sake taɓa fuskar hoton da komai, ko da tsumma busasshe. Idan audugar da ka dirza da ita tana nan, kada ka jefar, sa ta a leda ka ajiye, zan gaya maka amfaninta a gaba.

Bari in fara kwantar maka da hankali ta hanyar da ba za ta yi maka daɗi ba. Ban ga hoton ba, amma da za a sa ni in yi rantsuwa, zan rantse a ɓangaren cewa ba Levitsky ne ya zana shi ba. Dalilina yana cikin yadda aikin zanen fada yake a Rasha ta wancan zamani. Hoton sarauniya kayan aikin gwamnati ne. Bayan Katarina ta sake tsarin larduna a 1775, ofisoshi da kotuna da majalisun manya sun yawaita, kowanne kuma yana son hotonta a bango, ga gidajen masu sarauta da ke gasar nuna biyayya. Mace ɗaya ba za ta zauna wa masu zane ɗari ba. Sai a zaɓi fuskar da ta amince da ita, a ce kowa ya kwafa daga nan. Fyodor Rokotov ya zana ta a 1763 bayan naɗinta, wannan ya zama abin koyi. Da ɗan Suwidin Alexander Roslin ya zana ta a shekarun 1770, ta yi ƙorafi a wasiƙa cewa ya mayar da ita kamar kukun Suwidin, sai aka riƙa ɗaukar tsayuwa da tufafin da Roslin ya zana ana ɗora musu fuskar da ta fi kwanta mata. Shi kansa Levitsky, abin da masana suka tafi a kai shi ne Katarina ba ta zauna a gabansa ba, daga waɗannan amintattun fuskoki ya yi aiki.

Farar riga da kambun ganyen da ka ambata sun gaya mini daga inda naka ya samo asali. Babban hoton nan ne na 1783, wanda Alexander Bezborodko, babban jami'in fadarta, ya sa Levitsky ya yi, marubuci Nikolai Lvov kuma ya taimaka da tsara ma'anarsa: Katarina a matsayin mai kafa doka, tsaye a haikalin adalci, tana ƙona furannin barci a kan bagade don a fahimci ta sadaukar da hutunta saboda jama'a, littattafan doka a ƙafarta, mikiya a kansu, jiragen ruwa can baya. Tsayinsa ya haura mita biyu da rabi, yana Gidan Tarihin Rasha da ke garin da kake zaune, tafiyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce kawai tsakaninku. An maimaita shi, an kwafe shi, an sassaƙa shi a faranti an buga a takarda, an yanko rabinsa na sama an yi ƙanana, shekara da shekaru. Ɗalibai sun yi, bayin gidajen manya da aka koya wa zane sun yi, masu zanen larduna da ba wanda ya san sunansu sun yi. Naka ɗaya ne daga cikin wannan zuriya mai yawa. Yana iya zama kwafin zamanin, wanda yake da darajarsa. Yana iya zama na ƙarni na 19. Yana iya zama na shekaran jiya, an shafa masa banish mai kalar shayi an gasa shi ya tsattsage. Kwafi daban, jabu daban. Kwafi ba ya zama jabu sai ranar da wani ya ɗora masa sunan da ba nasa ba don ya karɓi kuɗinka.

Tunda ka ce kana shiga gidajen tarihi, ba zan tsaya koya maka ko wane ne Levitsky ba, sai abin da ya shafi matsalarka. An haife shi a 1735 a ƙasar Yukren, ɗan wani limamin coci ne mai sassaƙa hotunan littattafai. Mai zane Alexei Antropov ya zo Kiyif aikin ƙawata Cocin Andarawus, ya ga hannun yaron, daga baya Levitsky ya bi shi San Fitasbag ya zama almajirinsa, har suka yi aikin ƙofofin bikin naɗin Katarina tare a Mosko a 1762. Sunansa ya fito ne a baje kolin Akademiyar Fasaha na 1770, inda hoton magini Alexander Kokorinov ya sama masa matsayin ɗan Akademiya, a 1771 kuma aka ba shi ajin zanen fuska ya riƙe har ƙarshen shekarun 1780. Ya zana sarauniya, ya zana jikokinta, ya zana manyan fada. Amma inda za ka ga ainihin hannunsa shi ne inda ya samu mutum ya zauna a gabansa. Dubi Prokofy Demidov na 1773 da ke gidan tarihin Tretyakov a Mosko: hamshaƙin attajiri, amma da rigar zaman gida da hular barci, ya jingina da butar ban ruwa yana nuna tukwanen furanninsa, ginin gidan marayun da ya zuba wa kuɗi na hango a bayansa. Dubi Diderot, masanin falsafa, wanda ya zana lokacin da Bafaranshen ya zo baƙunta wurin Katarina a 1773 zuwa 1774, ba gashin aro, wuyan riga a buɗe, tsoho mai gajiya. Wannan yana Janeba yanzu.

Sai hotuna bakwai na 'yan matan makarantar Smolny, 1772 zuwa 1776. Waɗannan nake so ka je ka tsaya a gabansu, awa guda in da hali, kafin ka sake tunanin auduga. Nelidova tana taka rawa ta kama gefen rigarta. Khrushchova ta yi shigar namiji tana wasan kwaikwayo da Khovanskaya. Alymova na kaɗa babbar molo mai tsirkiya da yawa. Molchanova na zaune da littafi, na'urar gwajin kimiyya a gefenta. Matsa kusa da rigar Molchanova iyakar yadda mai gadi zai bari. Za ka ga farin ba fari ɗaya ba ne. Haske yana shiga ciki ya dawo, kamar yadda yake yi a cikin ruwa mai tsabta. Haka kumatun yaran, jinin da ke ƙarƙashin fatar kamar yana motsi.

To, nan ne zan daɗe, ka yi haƙuri, domin wannan ita ce cutar da nake gani kusan kullum, kuma ta ƙi jin magani.

Mutane sun ɗauka tsohon hoto kamar gilashin taga ne: akwai hoto a ƙasa, akwai datti a sama, a samu abu mai kaifi a wanke dattin, hoto ya fito. Wannan tunani shi ne ya kashe hotuna fiye da gobara da yaƙi, in ka tambaye ni. Kai ɗalibin likita ne, ka san fata hawa-hawa ce. Hoto ma haka. Akwai ƙyallen lilin. A kansa akwai gam da aka dafa daga fatar dabba ko kifi. A kan gam akwai shimfiɗar ƙasa. Sannan fenti mai kauri, inda ake gina haske da farin dalma. Sannan, kuma wannan ne wurin da ake yin ta'asar, akwai shafe-shafe sirara ƙwarai, launi kaɗan cikin mai da yawa, wani lokaci har da ɗan ƙaro a ciki, ana shafa ɗaya a bari ya bushe a shafa wani. Su ne ke ba kumatu ja, su ba inuwar siliki zurfi, su ba ido danshi. A ƙarshe sai banish, wanda a wancan zamani ƙaron itace ne aka narkar. Shi ne yake rawaya yana duhu da shekaru. Abin da mai sayarwa ya kira datti, yawancinsa wannan tsohon banish ɗin ne, kuma yana kwance kai tsaye a kan waɗancan siraran shafe-shafe, wani wurin ma sun haɗe babu iyaka tsakaninsu. Sifirit bai san inda banish ya ƙare aikin mai zane ya fara ba. Yana narkar da ƙaro duk inda ya same shi. Daƙiƙa kaɗan na dirza sun isa su ɗauke abin da mutum ya yi makonni yana ginawa, kuma abin da ya tafi a auduga ba ya dawowa har abada. Abin da ya rage sai fuska fara fat, ba jini, kamar an yi mata bilicin.

Ka ga abin takaicin? Inda a ce da gaske Levitsky ne, abin da zai shaida hakan shi ne daidai abin da kake gogewa. Garin neman gira a rasa ido.

Albasa kuma, ban san wanda ya fara wannan bidi'a ba, amma ta zagaye duniya. A Rasha kaka za ta ce maka albasa, a wani wurin dankali, a wani wurin tsakiyar burodi. Kowa yana da kakar da ta yi ya yi kyau. Abin da ke faruwa shi ne ruwan albasa yana jiƙa fuskar hoton, ta yi sheƙi na ɗan lokaci kamar dutsen da aka ɗauko daga rafi, mai gogewa ya yi murna. Ruwan kuwa ya riga ya bi ta tsagogin fenti ya gangara. Ya tarar da gam, gam ya kumbura. Ya tarar da lilin, lilin ya tsuke. Fenti ba ya tsukewa tare da shi, sai ya ɗago kamar ɓawon gyambo, bayan wata uku ka ga yana zuba a ƙasa. Zaƙin albasar da ya maƙale a tsagogi ya zama abincin funfuna da kyankyasai. Sabulu ya fi muni, domin fentin mai, mai ne, kuma ka san abin da sabulu ke yi wa mai. Masu shafa man zaitun ko man gyaɗa don hoto ya "sha" su ma suna nan. Wannan man ba ya bushewa, yana zama danƙo yana tara ƙura, yana ratsawa har ƙyalle. Wanda ya shafa mai bushewa kuma ya ɗaure mu da aiki mafi wuya, don in ya shekara ya yi baƙi ya ƙanƙame, cire shi sai da abin da zai cutar da fentin ƙasa. Na ga kananzir, na ga tina, na ga man goge farce, na ga garin wanke tukunya.

Wata rana aka kawo mini hoton wata dattijuwa, aikin farkon ƙarni na 19, ba sananniya ba, mai zanen ma ba a san shi ba, amma hannu ne mai kyau. Iyalin sun fara kai shi wurin wani mai shagon firam da ya rubuta a ƙofarsa cewa yana gyaran tsofaffin hotuna. Ya wanke fuskar har ya kai shimfiɗar ƙasa a goshi da hanci. Da ya ga ya yi ɓarna, sai ya ɗauko fentinsa ya sake zana mata fuska, ya ƙara mata gira da jan baki, ya malala banish ɗin kafinta a kai. Suka biya shi kuɗi suka yi godiya. Sai bayan shekaru da sabon fentin ya canja launi suka gane. Na yi wata biyu ina cire abin da ya shafa, da na kai ƙasa na tarar babu kowa a wurin. Matar ta tafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma masu yin sa ba su da kunya, yanzu ma sun koma intanet, suna ɗora bidiyon minti ɗaya: rabin fuska baƙi, rabi fari, auduga na wucewa sau ɗaya, jama'a na tafi. Ba sa nuna maka kwanakin da mai gyara na gaskiya yake yi yana gwada magani a wuri kamar ƙwayar gero, ƙarƙashin madubin ƙara girma, yana canja haɗi, yana duba kowace auduga kafin ya jefar. Ba sa nuna maka hotunan da ya yanke shawarar bari da rawayarsu saboda cirewar ta fi barin haɗari. Wanda ya iya aikin nan, rabin iyawarsa sanin inda zai tsaya ne.

Maganar sa hannun da ke ɓoye ƙarƙashin datti kuwa, tsohuwar dabara ce. Ka tambayi kanka: mutumin da yake da Levitsky a hannu, a garin da ke cike da masana da dillalan da za su yi rububinsa, me zai sa ya shimfiɗa shi a kasuwar gwanjo ya jira ɗalibi baƙo? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da akwai sa hannu, da shi ya fara tono shi. Kuma ko da ka goge ka tarar da suna ɓaro-ɓaro, ba ka samu komai ba. Sa hannu shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira a jikin hoto. A 2004 kamfanin gwanjo na Sotheby's a Landan ya janye wani hoton daji da aka kawo da sunan shahararren mai zanen Rasha Ivan Shishkin ana dab da sayarwa, bayan an gano aikin wani ɗan Holan ne, Marinus Koekkoek, aka yi wa kwaskwarima aka ɗora masa sunan Barashe. A shekarun nan an yi ta sayo hotunan Turai masu araha ana mayar da su na Rasha haka. Idan sa hannu ya kusa wuce idon irin waɗannan, ina ga ni da kai da albasa? Hotuna da yawa na ƙarni na 18 ma ba su da sa hannu sam, ana gane mai su ne ta takardun gidan da suka fito, da bincike, da idon wanda ya shekara talatin yana kallon hannu ɗaya.

Hanyar da ake bi ba ta buƙatar a goge komai. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, in aka haska ta a duhu, tsohon banish yana ba da haske kore-kore, sabon shafe kuma ya fito baƙi, sa hannun da aka ɗora daga baya ya tona kansa. Hoton eksire yana nuna yadda aka gina fuska da farin dalma, ya nuna ko mai zanen ya canja ra'ayi a hanya, abin da mai kwafi ba ya yi tunda shi layi yake bi. Sannan launukan kansu suna da ranar haihuwa. Shuɗin da ake kira Prussian blue ya samu tun farkon ƙarni na 18, don haka ganinsa ba laifi. Farin tutiya bai shiga fentin mai sosai ba sai tsakiyar ƙarni na 19. Farin titaniyom sai wajen 1920. Levitsky ya rasu a 1822. In aka samu titaniyom a asalin rigar sarauniyarka, magana ta ƙare, ba sai an yi gardama ba. Da wannan farin ne aka kama ɗan Jamus ɗin nan mai zanen jabu, Wolfgang Beltracchi, bayan ya daɗe yana yaudarar manyan masana.

Akwai abin da za ka iya yi da kanka yau ba tare da ka taɓa fuskar ba. Samu madubin ƙara girma ka duba kumatu. Idan ka ga ɗige-ɗige ƙanana a jere kamar na hoton jarida, bugun inji ne aka manna a ƙyalle, sai ka yi dariya ka yi barcinka. Juya bayan ka duba: ƙusoshi ne ko maƙalar ofis, saƙar ƙyallen ta hannu ce mai kauri da siranta ko ta inji ce sumul, akwai tsohon rubutu ko hatimi ko lamba. Kada ka ɓare wata takarda da ke manne a baya, komai tsufanta da muninta, wani lokaci ta fi hoton kansa faɗin gaskiya.

Yanzu ga farin da ya hana ka barci. Sau da yawa irin wannan fari ba mutuwar fenti ba ce. Sifirit ya narkar da saman banish, ya tashi da sauri, ga kuma danshin albasa a wurin, sai banish ɗin ya farfashe ƙanana-ƙanana yadda ido ba ya gani, haske ya riƙa watsewa a kai, ka ga kamar gari. Wannan mai gyara yana iya magance shi. A nan audugar da na ce ka ajiye za ta yi magana. Idan abin da ke jikinta rawaya ne ko ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi, banish da ƙura ka ɗebo, da sauƙi. Idan akwai ja, ko shuɗi, ko kore, ko baƙi mai kauri, ka kai ga fenti. Ko haka ne, ka yi sa'a a kusurwa ka yi ba a fuska ba. Abin da na hana ka shi ne ka ce za ka gyara farin da kanka. Wani zai ce shafa mai, zai ɓace. Zai ɓace ɗin, na mako biyu.

Ajiye shi a tsaye, fuskarsa ba ta taɓa komai ba, nesa da bututun ɗumama ɗaki. Ɗakunan Rasha a lokacin sanyi suna bushewa ƙwarai, kuma zafin bututun nan yana tsattsaga fenti. Kada ka naɗe shi a leda. Idan ka ga fenti na ɗagowa, kwantar da shi a bayansa, fuska sama, kada wani ya ɗora littafi a kai. Ɗauki hotonsa gaba da baya da hasken rana, da wani kuma da fitila daga gefe. Sannan ka nemi mai gyara wanda yake da takardar shaidar aikin, ka tambaye shi inda ya yi karatu da abin da zai yi kafin ya yi. A Mosko akwai Cibiyar Grabar, wadda take wannan aiki tun 1918, San Fitasbag kuma Akademiyar Fasaha tana yaye masu gyara. Duk wanda ya karɓi hoton ya ce ka dawo gobe ka same shi kamar sabo, karɓi kayanka ka fita. Ka kuma fara tambayar kuɗin dubawa, kada kuɗin bincike ya ninka kuɗin hoton, ka sake taɓa kuɗin makaranta a karo na biyu.

Batun tahowa da shi gida, nan ma ka saurare ni da kyau, don wannan ya fi farin kusurwa haɗari a gare ka. Dokar Rasha ba ta wasa da fitar da kayan tarihi. Tsohon hoto ba ya fita sai da takardar Ma'aikatar Al'adu bayan masaninsu ya duba, abin da ya haura shekara 100 kuma yake da muhimmanci yawanci ba a barin sa ya fita ko kaɗan. Har sabon hoton da ya yi kama da tsoho gara ka riƙe takardar da ta ce sabo ne, don jami'in kwastan a filin jirgi ba masanin zane ba ne, abin da ya gani da tsagogi da rawaya zai riƙe, ya riƙe ka tare da shi. Na sani, layi ne da cike takardu da jira da biyan kuɗi, a tura ka wannan tebur a dawo da kai wancan, ni ma na sha wannan azabar kuma ban taɓa jin daɗinta ba. Amma wanda ya ce maka ka cire shi daga firam ka naɗe a cikin darduma ba zai je kotu tare da kai ba. Ka lura da yadda lissafin yake: in Levitsky ne na gaske, ba za ka fita da shi ba. In an ba ka takardar fita cikin sauƙi, ka samu amsar tambayarka ta farko.

Na ce ba zan yi maka darasin tarihi ba, amma akwai abin da ke ci mini rai duk lokacin da na ji ana cinikin sunan Levitsky a kasuwa. Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. A shekarun 1790 fada ta juya ga baƙin masu zane, Lampi ɗan ƙasar Ostiriya ya zo, Vigée Le Brun 'yar Faransa ta zo a 1795, ga Vladimir Borovikovsky, wanda shi ma daga Yukren ya taso, yana tashe. Abokin Levitsky, Nikolai Novikov, mai buga littattafai, Katarina ta kulle shi a 1792, wasu masana kuma na ganin wannan abota ta rage wa Levitsky kasuwa. Aiki ya ja baya, ido ya fara mutuwa, ga iyali a wuyansa. An mayar da shi majalisar Akademiya a 1807, amma burushi ya riga ya fara faɗuwa daga hannunsa. Ya rasu a San Fitasbag, aka binne shi a maƙabartar Smolensk, yau ba wanda zai nuna maka kabarin. Aka manta da shi kusan shekara 80, sai da masanin fasaha Sergei Diaghilev ya yi littafi a kansa a 1902, sannan ya bi gidajen gona na manya lardi-lardi yana zaƙulo tsofaffin hotuna, ya tara sama da 2000 ya baje su a Fadar Tauride a 1905. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira har suka kai wannan baje koli, sun tsira ne saboda an rataye su a ɗakin da ba a shiga an manta da su, ba wanda ya so su har ya ɗauko musu albasa.

Ran Asabar ka ɗauki hoton naka a waya, ka je Gidan Tarihin Rasha, ka tsaya gaban babbar Katarina ta 1783. Kada ka dubi kambu da sarƙa, kowane mai kwafi ya iya su. Dubi inda farar rigar ta karye a gwiwa, da inda wuya ya shiga inuwa, sannan ka dubi wayarka. Bayan haka ka turo mini hoton bayan ƙyallen da hoton audugar nan. Mahaifinka kuma, gara ya ji maganar kuɗin makarantar daga bakinka kafin ofishin makaranta ya rubuto.